Babi na Shida: Alƙawarin da Zare Bai Ɗauka Ba

Wayar Tecno ko Itel ko Infinix da ke aljihun mai sayar da dawa a kasuwar Zuru, da na'urar POS da ke kan teburin mai cire wa mutane kuɗi a bakin tasha, ba sa jira su gama aiki ɗaya kafin su kama wani. A daidai lokacin da yatsa ke taɓa gilashi, wani sashe na manhajar yana jiran amsar banki ta intanet, wani yana rubuta saƙon da ya shigo a cikin ma'adana, wani kuma yana zana abin da ido ke gani. Kowane layin aiki irin wannan, mai bin umarninsa ɗaya bayan ɗaya, shi ake kira zare, kuma manhaja ɗaya tana iya ɗauke da zaruruwa gommai. Abin da ya raba su da manhajoji masu cin gashin kansu shi ne ma'adanarsu ɗaya ce. Abin da wannan ya rubuta, wancan yana iya karantawa, yana kuma iya gogewa. Tun da ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya tura 'yan kasuwa da yawa zuwa tiransifa da POS, a Zuru da Ribah da Mahuta da Dirin Daji kamar sauran ƙasar, wani kaso na cinikin yau da kullum ya rataya a kan zaman lafiyar waɗannan zaruruwa da juna.

Sai dai wanda ya rubuta manhajar ba a kan irin wannan waya ya rubuta ta ba. Galibi yana zaune ne gaban kwamfuta mai Windows ko ta Apple, sabar da za ta karɓi saƙon tana gudana a kan Linux, ita kuma wayar tana kan Android da masarrafi ƙirar ARM daga MediaTek ta Taiwan ko Unisoc ta Shanghai. Kod ɗin da ke can ƙasa, wanda ke kula da rumbun bayanai da ɓoye sirri da sauti da hoto, sau da yawa guda ɗaya ne ake ɗauka daga wannan na'ura zuwa waccan. Domin hakan ya yiwu, injiniyoyi sun daɗe suna shimfiɗa wani siririn laburare tsakanin kod ɗinsu da babbar manhajar na'ura, wato irin su Windows da Linux da Android, ta yadda umarni ɗaya zai buɗe zare a ko'ina, umarni ɗaya zai kulle, umarni ɗaya zai jira. Matsayin wannan babi shi ne cewa irin wannan shimfiɗa sunaye kawai take iya daidaitawa. Alƙawarin da kowace babbar manhaja da kowane masarrafi suka ɗauka game da halin zare yana nan daban-daban a ƙarƙashinta, kuma kod ɗin da zai tsira shi ne wanda aka gina a kan alƙawari mafi ƙanƙanta a cikinsu, ko da na'urar da ke gaban marubucin tana ba shi fiye da haka.

Asalin matsalar ya girmi duk waɗannan kamfanoni. A 1965, Edsger Dijkstra na jami'ar Eindhoven a Holan ya wallafa hanyar da ayyuka da yawa za su bi su riƙa shiga wuri ɗaya bi da bi, kuma daga aikinsa ne aka sami tushen makullan da ake amfani da su har yau. Mutumin ƙasar Zuru ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin ya san golmo. Samari sun jeru a gonar suruki, kowa da kunyarsa, aiki yana tafiya da sauri saboda babu mai taka ta wani. Inda ake samun cikas shi ne abin da duka suke tarayya a kansa, kamar tulun ruwa ɗaya da moɗa ɗaya, wanda dole wani ya ajiye kafin wani ya ɗauka. Makulli a kod shi ne wannan dokar ta bi da bi. Shekaru da yawa lamarin ya tsaya a manyan kwamfutoci. Microsoft ta fito da nata tsarin zaruruwa a Windows NT a 1993, duniyar Unix ta amince da ƙa'idar POSIX ta zaruruwa a 1995, kowanne ya kama gabansa. Sannan wajen 2004 zuwa 2005 saurin masarrafi ya daina hawa kamar da saboda zafi da cin wuta, Intel ta soke wasu ƙirorin da ta tsara, masu ƙira suka koma cusa cibiyoyi da yawa a masarrafi ɗaya. Yau waya mai sauƙin kuɗi tana iya zuwa da cibiya 8. Helio G85 na MediaTek, wanda ya shiga wayoyi masu yawa a kasuwannin Najeriya, yana da manyan cibiyoyi 2 masu sauri da ƙanana 6 masu tattalin batir. Ke nan zaruruwa biyu na manhaja ɗaya suna iya gudana a lokaci guda, ɗaya yana ninka ɗayan sauri, kuma mai rabon lokaci na babbar manhaja yana iya sauya musu wuri ba tare da ya sanar da kowa ba.

A duba makulli kansa, wanda shi ne abu mafi sauƙi. A Windows, makullin da aka fi amfani da shi tun da can yana barin zaren da ya riga ya riƙe shi ya sake kulle shi, sai dai ya buɗe sau adadin da ya kulle. A POSIX, makullin da ake samu idan ba a zaɓi wani iri ba bai yi wannan alƙawari ba. Ƙa'idar ta ce sakamakon ba a fayyace yake ba, kuma a Linux abin da ya saba faruwa shi ne zaren ya tsaya yana jiran kansa har abada. To ga laburare ya ba su suna ɗaya. Mai rubuta kod a Windows ya yi shekara yana kulle makulli sau biyu bai sani ba, komai lafiya, ran da aka kai kod ɗin Linux sai ya daskare. Haka zancen jakar aiki, wato ɗan yankin ma'adana da ake ware wa kowane zare don ajiye lissafinsa na wucin gadi. Windows tana ba da megabayit 1. Yawancin Linux masu amfani da laburaren glibc suna ba da megabayit 8. macOS tana ba ƙananan zaruruwa kilobayit 512. Laburaren musl, wanda Alpine Linux ke amfani da shi kuma ya cika sabobi, kilobayit 128 yake bayarwa. Tsakanin mafi girma da mafi ƙanƙanta akwai ninki 64, kuma umarnin buɗe zare bai ambaci ko ɗaya ba. Kod mai zurfafa kiran kansa zai wuce gwaji a wuri na farko ya faɗi a na ƙarshe, ba tare da an canza harafi ɗaya ba.

Jira ma haka yake. POSIX tana da hanyar da zare zai kwanta har wani ya tashe shi idan wani sharaɗi ya cika, amma ta faɗa ƙarara cewa zaren yana iya farkawa ba wanda ya tashe shi, don haka wajibi ne ya sake duba sharaɗin duk lokacin da ya farka. Windows ba ta da irin wannan kayan aiki sai da Vista ta fito, fiye da shekara 10 bayan ƙa'idar POSIX, kuma a tsawon lokacin masu ɗaukar kod daga Unix sun yi ta ƙera nasu da abin da suka samu. Douglas Schmidt da Irfan Pyarali sun rubuta maƙala sukutum suna nuna yadda dabarun da aka fi yawan bi suke ɓatar da saƙon tashi ko su fifita wani zare a kan wani. Kashe zare daga waje kuwa, POSIX ta tanadi pthread_cancel, amma Google ba ta saka shi a Bionic, laburaren da ke ƙarƙashin kowace wayar Android ba. Windows tana da TerminateThread, amma takardun Microsoft da kansu suna gargaɗi cewa zaren da aka kashe yana riƙe da makulli zai tafi da shi. Java ta janye goyon bayanta ga irin wannan umarni tun 1998. Har laƙaba wa zare suna, abin da ba ya da wani haɗari, bai tsira ba: a Linux ana iya raɗa wa kowane zare suna muddin bai wuce harafi 15 ba, a macOS kuwa zare kansa kaɗai yake iya raɗa wa kansa.

Duk waɗannan ana iya karanta su a takarda a kiyaye. Wanda ya fi su wuya yana can ƙasa da babbar manhaja, a cikin masarrafin. A ɗauka zare na farko ya rubuta adadin kuɗin da banki ya tabbatar a wuri ɗaya, sannan ya ɗaga tuta a wani wuri don nuna ya gama. Zare na biyu yana kallon tutar. Da ya ga ta tashi sai ya karanta adadin. Hankali yana cewa tunda an rubuta adadin kafin a ɗaga tuta, wanda ya ga tuta dole ya ga adadi. Leslie Lamport ya fayyace wannan tsammani a 1979, ya kuma nuna cewa na'ura mai masarrafai da yawa ba lallai ta cika shi ba sai an gina ta da gangan don haka. Masarrafan Intel da AMD suna kusa da cika shi: rubutun da cibiya ɗaya ta yi, sauran suna ganinsa a jeren da aka yi shi. ARM ba ta ɗauki wannan alƙawari ba. Don tattalin wuta da neman sauri, ƙirarta ta halatta rubutu na biyu ya bayyana ga wata cibiya kafin na farko, ta kuma halatta mai karatu ya riga ya ɗauko tsohon adadi kafin ya dubi tutar, sai fa idan an sa umarnin shinge a tsakani. Ma'ana, kod ɗin nan mai tuta zai iya gudana sau miliyan a kwamfutar Intel ta marubucinsa ba kuskure, ya zo wayar ARM ya karanta tsohon adadi sau ɗaya cikin dubbai, a ranar da zaruruwan suka faɗa cibiyoyi daban-daban a daidai ƙiftawar da ta dace. Ba zai bar wata shaida ba, kuma idan aka sake gwadawa zai yi daidai.

Girman wannan bambanci ya fito fili a 2020, lokacin da Apple ta bar Intel ta koma masarrafinta na M1 mai ƙirar ARM. Domin tsofaffin manhajojin da aka rubuta wa Intel su ci gaba da aiki ta hanyar manhajar fassara ta Rosetta 2, sai da kamfanin ya gina wani yanayi na musamman a cikin masarrafin kansa wanda ke tilasta jeren rubutu irin na Intel. Kamfani mai iko da na'urarsa da babbar manhajarsa ya ga ya fi masa sauƙi ya gyara ƙarfe da ya amince cewa kod ɗin mutane bai jingina da alƙawarin Intel ba. Wayar da ke kasuwar Zuru ba ta da wannan gata, kuma ba ta buƙatarsa idan an rubuta kod ɗin daidai. Abin lura shi ne yawan kod ɗin da ba a rubuta daidai ba amma bai taɓa nuna alama ba.

Fifiko tsakanin zaruruwa shi ma yana da labarinsa, kuma sanannen misalinsa ya faru ne a duniyar Mars. Kumbon Pathfinder na hukumar NASA ya sauka can ranar 4 ga Yuli, 1997, bayan 'yan kwanaki kwamfutarsa ta fara kashe kanta tana sake tashi. Babbar manhajarsa VxWorks ce ta kamfanin Wind River. Wani aiki mai ƙaramin fifiko, mai tattara bayanan yanayi, yakan riƙe makullin hanyar bayanai. Wani mai babban fifiko yana jiran makullin. Kafin ƙaramin ya saki, sai ayyuka masu matsakaicin fifiko su ƙwace masarrafin su hana shi motsi. Babba yana jiran ƙarami, ƙarami kuma matsakaita sun danne shi. Mai gadin tsarin ya ga aiki mai muhimmanci bai gama a kan lokaci ba, sai ya sake tayar da komai. Maganin yana nan cikin VxWorks tun farko, wato a ara wa mai riƙe da makulli fifikon wanda ke jiransa har ya saki, amma zaɓi ne da ake kunnawa, kuma a wannan makullin ba a kunna ba. Injiniyoyin NASA sun maimaita matsalar a kwafin kumbon da ke ɗakin gwajinsu, suka aika gyara daga Duniya. Darasin da ya shafi batunmu shi ne cewa halin da ya kusa lalata aikin yana ɓoye ne a cikin zaɓin da aka bari yadda ya zo. A POSIX wannan aron fifiko ba dole ba ne kowace babbar manhaja ta samar da shi. Ma'aunin fifikon ma bai zo ɗaya ba: Windows tana da matakai 32, Linux tana da ma'auni daga -20 zuwa 19 ga ayyukan yau da kullum da wani daban daga 1 zuwa 99 ga na gaggawa, Apple kuma ta fi son a faɗi ajin aikin a bar mata sauran. Laburaren da ya tattara waɗannan ya kira su ƙasa, tsakiya da sama bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi abin da zai faru ba.

Mai karatu da ya san fannin zai ce wannan tsohon zance ne, an warware shi a 2011. Akwai gaskiya mai yawa a nan. A 2005 Hans Boehm, yana HP Labs a lokacin, ya nuna cewa laburare kaɗai ba zai iya tabbatar da ingancin zaruruwa ba, domin kamfaila, wato manhajar da ke juya rubutun mutum zuwa umarnin na'ura, tana da 'yancin sake jera umarni idan harshen bai san da zaman zare ba. Wannan hujja ta taimaka wajen sa C++ da C su shigar da zaruruwa da dokokin jeren ma'adana cikin ƙa'idojinsu na 2011. Tun daga nan, wanda ya yi amfani da makullai da tutocin da harshen ya tanada yana da tabbacin cewa kamfaila za ta saka shingen da ARM ke buƙata. Ci gaba ne babba, kuma duk mai rubuta sabon kod ya kamata ya fara daga nan. Amma a karanta abin da ƙa'idar ta ce da kyau. Alƙawarinta yana kan sharaɗi: idan kod ɗinka ba shi da rige-rige a kan ma'adana, wato zaruruwa biyu su yi karo a wuri ɗaya ba tare da makulli ko shinge ba, zai yi abin da kake tsammani; idan yana da shi ko sau ɗaya, ƙa'idar ta wanke hannunta daga dukkan shirin. Wato ita ma alƙawari mafi ƙanƙanta ta rubuta, ta ɗora nauyin kiyayewa a kan marubuci. Bayan haka, zaren C++ na 2011 bai ba da hanyar zaɓar girman jaka ko fifiko ko suna ba. Sai dai ya miƙa maka ainihin zaren babbar manhaja ka je ka yi da kanka, wanda ya mayar da kai inda ka fito. Na harshen C kuwa an bar shi a matsayin ganin dama, shi ya sa glibc ba ta samar da shi ba sai 2018, Microsoft kuma sai 2023. Ƙa'idar da ta ɗauki shekara 12 kafin ta isa ɗaya daga manyan dandamali ba za a ce ta rufe batun ranar da aka sa mata hannu ba.

Misalin yadda ake yin abin da kyau yana cikin kowace wayar Android, har da waɗanda ke Zuru. SQLite, ƙaramin rumbun bayanan da Richard Hipp ya fara a 2000, shi ke riƙe da lambobin waya da saƙonni, kuma a cikinsa WhatsApp ke ajiye hirarraki. Yana gudana a Windows da Linux da Apple da na'urori marasa adadi. Masu shi ba su yi ƙoƙarin ƙera cikakken tsarin zaruruwa na kowa da kowa ba. Sun ware ɗan abin da suke buƙata, galibi makulli, suka rubuta shi sau uku a fayil uku: ɗaya na Unix, ɗaya na Windows, ɗaya kuma wanda ba ya yin komai don na'urar da ba ta da zaruruwa. Sun bambanta makulli mai yarda a sake kulle shi da wanda ba ya yarda, kowane wuri a kod ɗin ya faɗi irin wanda yake so. Sun kuma ba mai amfani yanayi uku ya zaɓa, kowanne da bayanin abin da aka halatta da abin da aka hana. Sun koyi wannan taka-tsantsan da wahala. Tsohon tsarin zaruruwan Linux, LinuxThreads, wanda Xavier Leroy ya rubuta a 1996, yana ɗaukar kowane zare kamar shiri mai lambarsa daban, saboda haka kulle fayil yana nuna hali dabam da na sauran Unix, har sai da sabon tsarin NPTL ya maye gurbinsa a zamanin Linux 2.6. Na wani lokaci SQLite yana ɗauke da kod da ke gwada halin na'urar da kansa idan ya tashi, maimakon ya yarda da sunan da ke jikin laburaren. A ganina wannan ita ce hanyar: a rage abin da ake nema daga dandamali, a rubuta shi ɓaro-ɓaro, inda kuma shakka ta shiga a tambayi na'urar.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi. Me ya sa za a wahalar da kai da C, alhali ga Rust da Go da Kotlin, ko ma a guje wa zaruruwa gaba ɗaya? Edward Lee na jami'ar Berkeley ya kare ra'ayin guje wa zaruruwa a 2006, ya kawo misalin wani aikin ƙungiyarsa da ƙwararru suka tantance, aka gwada shi sosai, ya yi shekara 4 yana aiki lafiya sannan ya yi cirko-cirko a 2004, kowane zare yana jiran ɗan'uwansa. Hujjarsa ita ce ƙwaƙwalwar mutum ba ta iya riƙe dukkan jeren da zaruruwa za su iya bi. Na yarda da shi, kuma mafi yawan masu rubuta manhajar kasuwanci bai kamata su taɓa makulli da hannunsu ba. Rust, wanda ya kai sigar 1.0 a 2015, yana ƙin karɓar kod mai rige-rige a kan ma'adana tun kafin ya gudana, abin da C ba ta taɓa iyawa ba. Amma Rust bai hana cirko-cirko ba, bai kuma hana juyewar fifiko irin ta Pathfinder ba. Abin sha'awa ma shi ne yadda masu shi suka bi da dandamali: sun yanke wa sabon zare jakar megabayit 2 maimakon su karɓi abin da kowace babbar manhaja ta ga dama, sannan a 2022 suka daina amfani da makullin POSIX a Linux suka rubuta nasu kai tsaye a kan futex, kayan jira na Linux kansa. Ba su amince da sunaye ba, sun zaɓi alƙawarinsu da kansu. Node.js, da ake yi wa kirari da zare ɗaya, yana da zaruruwa 4 a ɓoye cikin laburaren libuv masu yi masa aikin fayil. Gujewa gaba ɗaya kuma ba ta yiwuwa a waya, domin tun Android 3.0 a 2011 an hana taɓa intanet daga babban zaren da ke kula da gilashi, kuma idan wannan zare ya yi daƙiƙa 5 bai amsa taɓawa ba, wayar za ta fito da sanarwar cewa manhaja ba ta amsawa. Sabbin harsuna sun ɗauke nauyin daga kan mutane da yawa sun ɗora wa kaɗan, amma waɗannan kaɗan ɗin dole su san duk abin da aka lissafa a sama.

Akwai kuma masu cewa gini a kan alƙawari mafi ƙanƙanta asara ce, domin ana barin saurin da na'ura mai ƙarfi za ta iya bayarwa. Wani lokaci haka ne. Shinge yana da tsada, makulli ma haka, kuma akwai wuraren da suka cancanci a rubuta kod na musamman ga kowane dandamali. Sharaɗin kawai shi ne a yi hakan da sani, a killace shi a fayil ɗinsa, a auna ribar da agogo. Abin da ba shi da kariya shi ne jingina da halin wata na'ura bisa rashin sani, domin gwaji ba ya kama shi. Ranar 14 ga Agusta, 2003, wutar lantarki ta ɗauke wa kusan mutum miliyan 50 a arewa maso gabashin Amurka da lardin Ontario na Kanada. Cikin musabbaban akwai rige-rige a manhajar XA/21 ta General Electric da ke ɗakin kula na kamfanin FirstEnergy a Ohio, wanda ya daskarar da ƙararrawar gargaɗi sama da awa ɗaya ma'aikata ba su sani ba. Manhajar ta yi shekaru tana aiki a wurare da yawa kafin ranar, kuma sai da injiniyoyi suka shafe makonni suna tono kafin su gano inda ɓarakar take. Ta jira ne kawai abubuwa su zo a wani jere da ba su taɓa zuwa ba.

A nan ne batun ya dawo ƙasar Zuru, kuma shi ne amsar wanda zai ce wannan damuwar Kalifoniya ce. Kuskuren zare yana fitowa ne idan lokaci ya saɓa wa abin da marubuci ya saba gani, kuma babu inda lokaci ke saɓawa kamar inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. A ofishin da ke da intanet mai ƙarfi, amsar saba tana dawowa kafin mutum ya ɗaga yatsa, don haka jere ɗaya ake gani kullum. A ƙauyen da ke tsakanin Zuru da Ribah amsar tana iya daɗewa har mai wayar ya gaji ya sake dannawa, ko ya koma baya, ko kira ya shigo, ko Android ta kashe manhajar saboda ma'adanar gigabayit 2 ta cika, ko zafin rana ya sa masarrafin ya rage gudu ya mayar da aiki kan ƙananan cibiyoyi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sabon jere ne da ba a gwada ba. Saboda haka wanda ya fi kowa fuskantar illar alƙawarin da ba a ɗauka ba shi ne mai waya mafi araha a wuri mafi raunin sabis, kuma shi ne wanda rahoton matsalarsa ya fi wuyar isa ga masu gyara.

Wannan yanayi yana ba matasan yankin da ke koyon rubuta manhaja, ko a Zuru inda aka kafa Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a 2020, ko a Birnin Kebbi da Sakkwato da Zariya, wata dama da takwarorinsu na ƙasashen waje sai sun kashe kuɗi suke kwaikwayonta. Kayan aikin kyauta ne. ThreadSanitizer, wanda Google ta ƙera kuma yake cikin Clang da GCC, yana sa ido a kan kowane karatu da rubutu yayin da shiri ke gudana, ya nuna wurare biyun da suka yi karo ko da karon bai haifar da illa a wannan karon ba. Go ma tana da irinsa a cikin kayanta. Iyakar ThreadSanitizer ita ce hanyar da shirin ya bi kawai yake gani, kuma yana rage gudu ninki da yawa, yana cin ma'adana, don haka a kwamfuta ake gudanar da shi. Ragowar aikin sai a kan na'urar gaske: a haɗa kod ɗin da musl a ga ko jakar kilobayit 128 ta ishe shi, a gudanar da shi a kan ARM, a ɗora shi a tsohuwar Itel mai cike da hotuna, a fita da ita inda sabis ke sanda ɗaya, a danna maɓallin biya sau biyu a jere, sannan a buɗe rumbun bayanan a ƙirga layi nawa aka rubuta.